Auren Roba: Tarihin Dasa Reshe a Jikin Polima

Buhun taki, butar alwala, jarka da ledar ruwan sha da suka cika rumfunan kasuwannin Kankiya da Kusada, galibinsu daga roba iri biyu ake yin su: polietilin da polifirofilin. Kowacce doguwar sarƙa ce, wato polima, ta kabon da haidirojin zalla. Daga nan arharsu da juriyarsu ga ruwa suka fito, daga nan kuma aibinsu ya fito. Rini ba ya kama su, gam ba ya riƙe su, kuma idan aka narka su tare da nailan ko garin katako sai kowa ya ware gefensa. Dabarar da masana suka samo ita ce a ɓalle ƙwayar haidirojin guda daga jikin sarƙar, a dasa ƙananan ƙwayoyin wani sinadari, waɗanda ake kira monoma, su tsiro a gurbin su zama reshe. Aikin ya yi kama da auren mangwaro: gindin yana nan da ƙarfinsa, 'ya'yan kuwa na reshen ne.

Fannin bai samu gindin zama ba sai da Hermann Staudinger na Jamus ya kafe, tun daga 1920, cewa roba dogayen sarƙoƙi ce. A 1937 Paul Flory na Amurka ya bayyana yadda sarƙa mai tsiro take fizge haidirojin daga wadda ta gama girma, ta bar mata gurbin da reshe zai fito. Masana'antu ne suka fara cin moriyar wannan. Polisitirin roba ce mai saurin fashewa, amma da aka narka ɗanyar roba mai talewa a cikin monomarta kafin a dafa, sai rassan suka ɗaure ɓangarorin biyu, aka samu robar da take jure bugu. Irinta ce a cikin firiji, 'yar'uwarta ABS kuma, wadda ta shiga kasuwa a 1954, da ita ake yin jikin kayan lantarki da yawa. A shekarun 1950 ɗin dai Arthur Charlesby a Ingila da Adolphe Chapiro a Faransa suka yi amfani da haske mai ratsa jiki wajen buɗe gurabe a jikin polietilin, hanya mai tsafta amma mai tsada.

Abin da ya buɗe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi ya zo a 1958, lokacin da Mino da Kaizerman na kamfanin American Cyanamid suka nuna cewa gishirin siriyom yana buɗe gurbi a jikin sarƙoƙin da suke da ƙwayar oksijin haɗe da haidirojin, irin su auduga da sitaci, a cikin ruwa, ba tare da zafi mai yawa ba. Ta irin wannan hanya masu binciken ma'aikatar noma ta Amurka a Peoria suka dasa akirilonaitiril a jikin sitacin masara a farkon shekarun 1970, suka samu gari mai shanye ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, wanda ya share fagen sinadarin da ke cikin kunzugun jarirai na zamani.

Wannan hanyar ce ta fi karɓuwa a Arewa, kuma dalilin a fili yake. Auduga tana nan a gonakin Katsina, masaƙu sun fara aiki a Kaduna a 1957, ga kuma sashen kimiyyar saƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗalibi yana buƙatar kwalba, ruwan ɗumi, iskar naitirojin don korar oksijin, da sikeli mai kyau. Wahalar aikin tana bayan dahuwa. Monoma ta fi son haɗuwa da 'yan'uwanta ta yi tata sarƙar daban, ta lulluɓe audugar ba tare da ta kama ba, don haka sai an yi sa'o'i ana wanke samfurin kafin a auna ƙarin nauyinsa. Sakamakon da ba a yi wa wannan wankin ba bai cancanci a kira shi dashe ba, komai kyan adadinsa.

Sai dai siriyom ba ya cizon polietilin da polifirofilin, don ba su da inda zai kama. Su sai an narka su a injin murɗa roba, a zafin da ya kai kusan digiri 200, tare da feroksaid mai buɗe gurbi da sinadarin maleyik anhaidiraid da ake dasawa. A nan ma akwai tarko biyu: feroksaid ya yi yawa, sarƙar polifirofilin ta kakkarye ta zama ruwa-ruwa, ta polietilin kuma ta sarƙe ta ƙi narkewa. Abin da yake kamawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ya isa ya manne roba da nailan, da alminiyom, da zaren gilashi. Da irin wannan dashe kamfanin DuPont ya fitar da nailan mai tsananin juriya a tsakiyar shekarun 1970.

Nijeriya tana samar da robobin biyu a masana'antar Eleme, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, kuma kamfanonin Sharada da Challawa a Kano suna juya su zuwa kaya. Tsofaffin robobin da 'yan gwangwan suke tattarowa daga garuruwa irin su Kankiya kan isa injin niƙa a gauraye, a ƙara musu garin farar ƙasa don rage tsada, shi ya sa bokitin da aka yi da su yake saurin tsagewa. Robar da aka yi wa dashe tana ɗaure garin da sarƙar, amma galibi daga waje ake shigo da ita, yayin da binciken jami'o'in Arewa ya fi yawa a kan auduga da sitaci.