Ma'aunin ci gaban ƙasa: taskar gwamnati ko tukunyar talaka?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa, a shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Madina, shekarar da ake kira Amur Ramada. A lokacin daula na ta bunƙasa, Sham da Iraƙi sun shigo hannu. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bai auna mulkinsa da faɗin ƙasa ba. Ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun ƙoshi, ya aika wa gwamnoni su turo abinci, ya tsaya da kansa a kan rabo.

Mu ma a Nijar mun ga darasin nan da idonmu. A 1971 aka fara haƙo uraniyom a Arlit, aka yi ta maganar arziki. Ba a jima ba yunwar 1973 da 1974 ta cinye dabbobi da mutane, kuma tana cikin dalilan da suka kawo Seyni Kunce kan mulki a watan Afrilun 1974. Sai 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan sama. Maraɗi cibiyar kasuwanci ce, hatsi jibge a kasuwa, amma kuɗin buhun gero ya fi ƙarfin manomin da ya noma shi. Iyaye mata na ƙauyukan Madarunfa suka cika wuraren jinyar tamowa da ƴaƴansu a goye. Ciniki ya ci gaba, yara suna ramewa.

Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya take auna ƙasashe da tsawon rai da ilimi, ba da kuɗin shiga kaɗai ba. Shari'a ta riga ta: kiyaye rai da hankali yana gaba da kiyaye dukiya.

To, mene ne wajibinmu? Wanda hatsinsa ya kai nisabi, ya fitar da ushiri ranar girbi. Wanda yake shayar da gonarsa da wahala da kuɗi, kamar masu noman rani a Jiratawa, rabin ushiri. Ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah, kada ya ɓoye hatsi yana jiran bazara ta matsa wa mutane. Kowa ya leƙa gidan maƙwabcinsa kafin ya kwanta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa. Amin.