Littafi Mai Tsarki da Mulkin Jamhuriyar Benin

Littafi Mai Tsarki na Kirista ya fara taɓa mulkin Benin ne ta ajin makaranta. A watan Afrilun 1861 limaman Katolika na ƙungiyar SMA, ƙarƙashin Fada Francesco Borghero, suka sauka a gaɓar Wida suka buɗe makarantu. Yaran da suka yi karatu a hannunsu su ne suka zama akawuna da malamai da 'yan jarida a zamanin Faransa, kuma daga cikin irinsu aka sami da yawa daga waɗanda suka riƙe Dahome, wato Benin ta yau, bayan samun 'yancin kai ranar 1 ga Agustan 1960.

Mathieu Kerekou ya ƙwace mulki ranar 26 ga Oktoban 1972. A 1974 ya rungumi gurguzu, gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Zuwa 1989 baitulmali ya ƙafe, bankunan gwamnati sun durƙushe, ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi. A azumin Kirista na wannan shekara bishop-bishop na ƙasar suka fitar da wasiƙa, suna kiran shugabanni da talakawa su tuba domin Benin ta rayu, lafazin da ya yi kama da kiran da ke cikin Littafin Ezekiyel. A lokacin da bakin jama'a yake a ɗaure, wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Ana cikin wannan hali babban taron ƙasa ya zauna a otal ɗin PLM Aledjo da ke Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairun 1990, aka ɗora Bishop Isidore de Souza a kujerar shugabanci. Da wakilai suka ayyana cewa hukuncinsu ya fi ƙarfin na gwamnati, gari ya yi tsit, kowa na jiran abin da soja za su yi. De Souza ne ya riƙa kai-komo tsakanin zauren da Kerekou, yana magana da harshen tuba da yafiya, har Kerekou ya amince da hukuncin taron a ranar rufewa. Ba a zubar da jini ba. Daga baya aka ba Kerekou kariya daga tuhuma, abin da har yau yake ci wa wasu da suka sha ɗauri tuwo a ƙwarya.

Abin lura, kundin tsarin mulki na 11 ga Disamban 1990 da ya fito daga taron da limamin coci ya jagoranta bai ba ƙasar addini ba. Rantsuwar shugaban ƙasa ma ta ambaci Allah tare da ruhohin kakanni. Musulmin unguwar Zango a Kwatano, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama kewaye da babban masallacinsu, suna cikin masu cin moriyar wannan tsari: hutun ƙaramar Sallah da Layya da Maulidi yana cikin kalandar gwamnati daidai da na Kirsimeti.

An gwada ƙarfin kundin a 1996. Kerekou, wanda ake wa laƙabi da hawainiya, ya dawo kan mulki ta akwatin zaɓe yana Kirista mai tsananin riƙo, yana jawo ayoyi a jawabansa. Ranar rantsuwa a watan Afrilu, da ya iso wurin ruhohin kakanni sai ya tsallake. Kotun tsarin mulki ta ce rantsuwar ba ta yi ba. Bayan kwana biyu ya sake tsayawa ya karanta ta duka, har da kalmomin da ya guje wa.