Windows ko Linux: abin da ya kamata mai kwamfuta ya sani

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da aiki, sai dai ba za a riƙa toshe mata kafofin da masu kutse ke bi ba, in ban da wadda aka shigar cikin wani shirin wucin gadi. Lamarin ya shafi shagunan buga takardu, makarantu da ofisoshi tun daga birnin Kano har Ƙafin Maiyaki, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, inda ake yawan dogaro da kwamfutocin hannu. Da yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba, domin tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0.

Windows babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kuma sauran manhajoji a kanta suke hawa. Ita da macOS ta kamfanin Apple na kasuwanci ne: mai amfani izinin aiki kawai yake samu, asirin ginin yana hannun kamfanin.

Linux kuwa buɗaɗɗiya ce. Linus Torvalds, ɗalibi a Finland, ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, aka haɗa da aikin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Lasisinta ya ba kowa damar kwafa, gyarawa da rabawa. Tana zuwa iri-iri, kamar Linux Mint da Ubuntu, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004. Mai riƙe da wayar Android ma a kan ƙashin bayan Linux yake aiki.

Ta fuskar kuɗi, Linux kyauta ce, yayin da lasisin Windows na gaskiya ke da tsada, abin da ke tura wasu ga kwafin sata, wanda sau da yawa yakan zo da ƙwayar cuta. Irin su Lubuntu ba su da nauyi, don haka sukan farfaɗo da tsohuwar na'ura. LibreOffice ma yana buɗe takardun Word da Excel, kodayake tsarin shafi yakan ɗan sauya.

Amma araha ba ta ado. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda masu zanen katin biki da kalanda ke cin abinci da su, ba su da na Linux. Wasu injinan buga takarda sukan ba da wahala, kuma masu gyara sun fi sabawa da Windows. Birnin Munich na Jamus ya zaɓi Linux a 2003, amma a 2017 majalisarsa ta amince da komawa Windows.

Saboda haka, aikin mutum ne ke yanke hukunci. Wanda aikinsa rubutu ne, lissafi da shiga intanet, Linux za ta wadatar da shi. Mai zane gara ya tanadi na'urar da ke ɗaukar Windows 11. Ana iya gwada Linux daga filashi ba tare da goge komai ba, amma kafin a girka ta a fara adana muhimman takardu a wani wuri. Haɗarin yana ga wanda ya bar bayanan albashi ko na abokan ciniki a kan manhajar da aka daina karewa.