Zanzibar: yadda iska ta koya wa ɗalibaina tarihi

1/ Da aka tura ni koyarwar gwaji, na faɗa kan darasin tsibiran Tekun Indiya. Aji cike da yara, babu wanda ya taɓa ganin teku. Ranar farko na cika allo da sunaye da shekaru. Washegari na yi tambaya, shiru kake ji. Sai na sauya salo. Ku biyo ni. 🧵

2/ Na ɗauki Zanzibar kaɗai, wato tsibiran Unguja da Pemba da ke gaɓar Tanzaniya. Na fara da abin da suka sani: daga ina iskar hunturu take zuwa? Suka ce arewa maso gabas. Ta damina fa? Kudu maso yamma. Na ce to, a Tekun Indiya ma haka iska take juyawa sau biyu a shekara.

3/ Mutanen can suna kiran ta farko kaskazi. Tana kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Maris, ta turo jiragen katako masu tafiya da iska daga Oman da Indiya zuwa gaɓar Afirka. Ta biyu, kusi, tana farawa wajen Afrilu, ita ke mayar da su gida.

4/ Sai muka fita fili. Muka zana taswira a ƙasa da toka: nan Maskat, nan Indiya, nan Zanzibar. Yarinya ɗaya ta zama iska, sauran fatake. Doka ɗaya ce: ba ka motsi sai inda iska ta nuna. Wani yaro ya sayar da "dabinonsa" ya ce zai koma, iska ta ce a'a. Ya ce, "Malam, to me zan yi wata uku a nan?"

5/ Wallahi wannan tambayar ita ce darasin. Bafatake da iska ta tsare dole ya kama gida, ya koyi harshe, wani ma ya yi aure. Haka Musulunci ya kafu a gaɓar tun da wuri: a masallacin Kizimkazi da ke Unguja akwai rubutun da ke ɗauke da shekarar 1107.

6/ Darasi na biyu, kalmomi. Na rubuta na Swahili: habari, dunia, kitabu, sabuni. Nan take suka gano labari, duniya, sabulu, da ɗan taimako suka kamo littafi. Swahili harshen Afirka ne, dangin Bantu, amma ya ari kalmomin Larabci ta teku, kamar yadda Hausa ta aro ta Sahara.

7/ Na uku, na zo da kanumfari a leda, kowa ya shinshina. Wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, ya ƙarfafa noman kanumfari har tsibiran suka zama kan gaba a duniya.

8/ Na tambaye su: wa ya yi noman? Bayi ne, waɗanda aka kamo daga cikin nahiya, suna ɗauke da hauren giwa zuwa gaɓa. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar. Ajin ya yi tsit. Don Allah malamai, kada mu tsallake nan don ba daɗin ji.

9/ Daga nan shekaru suka daina zama haddar dole. 1890 Ingila ta ɗora hannu a kan tsibiran. 1896 ta yi wa fada ruwan wuta, yaƙin bai kai awa ɗaya ba. Disamba 1963 'yancin kai. Janairu 1964 juyin juya hali ya kifar da sarki, aka zubar da jini sosai. Afrilu 1964 aka haɗe da Tanganyika, Tanzaniya ta samu.

10/ Da na ba su jarrabawa, wasu sun rikita shekarun, amma kusan kowa ya iya bayanin dalilin da ya sa Balaraben Oman zai zo a Janairu ya kasa komawa sai bayan Afrilu. Mako mai zuwa Madagaska za mu shiga. Malaman da suka taɓa koyar da ita, da me kuka fara?