Wa Ya Nuna wa Abdulkarimu Hanya?

Tambayar yarinya ce ta haifi wannan lacca. Na taso da iyalina daga Maska, muka bi ta Funtuwa da Malumfashi zuwa Katsina, domin yara su ga ragowar ganuwar da Heinrich Barth ya tarar a 1851. Ina cikin bayyana musu cewa Bajamushe ne da Ingila ta aiko, mai kiran kansa Abdulkarimu, sai autarsu ta ce, “Baba, wa ya nuna masa hanya?”

Fatake ne. Ayarin gishirin Abzinawa ya biyo ya gangaro kudu, kuma yawancin hanyoyin da ya zana a taswira daga bakin matafiya ya ji su. Shi kansa bai ɓoye wannan ba. Mu ne muka daina faɗa. Akwai kuma Dorugu, yaro Bahaushe da ya bi shi Ingila a 1855, ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a 1885.

Labarin Dorugu yaran suka sa na yi ta maimaitawa har muka iso Bakori.