Rahoton Kamfani da Tafkin Ƙauye: Lissafin Ruwa a Haƙar Zinaren Zamfara

A Disamba 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka ɗora wa Zamfara tun Afrilu 2019. Muhawarar da ta biyo baya a Gusau ta tsaya ne kan tsaro da kuɗin shiga. Ruwa bai samu mai yi masa magana ba, alhali a kansa ya kamata a fara shata sharuɗɗa.

A manyan ƙasashen haƙar ma'adinai, kamfani kan fitar da rahoto duk shekara kan yadda aikinsa ya shafi muhalli da jama'a. Ƙa'idar rubuta irin wannan rahoto, GRI 303 ta 2018, ta buƙaci ya bayyana ruwan da ya ɗiba, da inda ya ɗebo shi, da wanda ya zubar. Bayan fashewar madatsar laka ta Brumadinho a Brazil a Janairu 2019, wadda ta ci rayuka 270, an tsaurara ƙa'idar adana tarkacen ma'adinai a 2020. Sai dai an yanka wannan riga ne daidai jikin kamfani mai hannun jari da akanta da injiniya. Mai haƙar zinare a Zamfara kuwa diga gare shi da buhu da injin niƙa.

Abin da ya faru a 2010 ya isa hujja. A Maris na shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Aƙalla yara 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma. Ana farfasa shi a tsakar gida, a niƙa shi da injin da ake niƙa hatsi, sannan a wanke garin a bakin tafki, a kama zinaren da zaiba. Ƙurar ce ta fi kisa, wannan gaskiya ne. Amma a duba tafkin: nan shanu ke sha, nan yara ke wanka, kuma in ya ƙafe da rani, daga lakarsa ake yin tubalin gini. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta kwanta a laka bana, baɗi tana jikin bangon ɗaki. Ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, sai a 2013 aka tsabtace shi, bayan kuɗin gwamnatin tarayya sun fito da ƙyar.

Ga inda al'amarin ya sarƙe. Maganin ƙura shi ne a jiƙa dutsen yayin niƙa, kuma an gwada hakan ya yi aiki. To amma dalmar da aka hana tashi sama ruwa take bi. Matuƙar ba a tanadi ramin da zai tare ta ba, damina za ta kwashe ta zuwa ƙoramu da fadamu. Jihar da babban birninta ke sha daga madatsar da ke kan Gulbin Sakkwato, manomanta kuma ke ban ruwa daga Bakolori, ba ta da hujjar yin sakaci da wannan.

Za a ce wanda bai da lasisi ba zai rubuta rahoto ba, kuma inda 'yan bindiga ke iko ma'aikaci ba ya shiga. Haka ne. Shi ya sa nake ganin a ɗora rahoton kan wurin wanki da kan dillalin da ke sayen zinaren, tunda su an san inda suke. Dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Ma'aunin ma yana nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 10 na dalma a litar ruwan sha.

A auna rijiyoyi da tafkunan da ke kusa da kowane wurin wanki, rani da damina, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo, a kai kwafinsa ga hakimi. Masana kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya riƙe awon. Duk wanda ruwan wurinsa ya haura ma'auni, kada a sabunta masa izini sai ya gyara.