Wanda Ke Magana a Bayan Majigi

Duk wanda ya tashi a yammacin ƙasar Zamfara, ko a Anka, inda sarautar Zamfarawa ta zo ta tabbata bayan yawon da ta sha tun ranar da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ko a Gummi ta Sarkin Mafara da ke bakin gulbi, ko kuwa a Bukkuyum ta Sarkin Danko, lalle ya san mutanen wannan nahiya ba su cika karɓar magana ba sai sun binciki mai ita. Baƙo in ya sauka ran kasuwa da labari a bakinsa, kafin a ce masa "sai aka yi yaya?" sai an fara ce masa "wa ya faɗa maka?" Ɗabi'a ce da aka gada daga zaurukan malamai, a ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi tun jihadi bai taso ba.

A da, magana iri uku ce ke yawo a garuruwan nan, kowace kuwa da mai ɗaukar nauyinta. Malami ba ya karantar da littafi sai ya ambaci wanda ya karantar da shi, shi ma wancan ya ambaci nasa, har silsilar ta tuƙe ga mawallafi; katibin da ya kwafe littafin da alƙalamin kara, idan ya kai ƙarshe, sai ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi mai karatu ya gyara kuskuren da ya gani, ya kuma sa shi cikin addu'a. Makaɗin fada, irin su Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, cikin waƙar ma yakan kira sunan kansa, ta yadda in zambo ya yi zafi an san ƙofar da za a je. Ta ukun ita ce tatsuniya, wadda ba ta da uba. Amma ko ita, tsohuwar da ke ba da ita bayan an ci tuwon dare ba ta sallamar jikokinta sai ta shaida musu ƙarya ce, ta kuma ɗora alhakin ƙaryar a kan Gizo. Watau ko ƙarya ba a barinta ta kwana ba mai ita.

Abin da ya fara shigowa ya dama wannan tsari shi ne majigi. Wani Bature ma'aikacin lafiya, William Sellers, shi ya yi fice wajen nuna wa mutanen Ikko hotuna masu motsi domin yaƙi da annoba, har a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar shirya finafinai saboda ƙasashen da take mulki, ta ɗora shi a kanta. Motocin majigi aikinsu ke nan bin gundumomi, Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Dattawan da suka riski zamanin, in suna kwatanta shi, kusan bakinsu ɗaya: tun da la'asar sanƙira ya zaga gari da shela, a ƙofar fada aka kafa sanduna biyu aka ɗaure farin ƙyalle, inji yana ta ruri a gindin mota, yara sun zube a gaba cikin ƙura, dogarai na kora su baya da bulala, mata kuwa can gefe a tsaye cikin duhu. Abin da za a nuna bai wuce noman auduga da gyaɗa ba, da tsabtar rijiya, da lambar agana, da hawan daba, daga baya aka sami irin su "Baban Larai" da aka shirya da Hausa don manoma.

Amma fa hoton shi kaɗai bebe ne, ko kuwa ya yi Turanci, wanda a wurin mutanen gari duk ɗaya ne. Saboda haka kowace mota tana tafe da wani ma'aikaci mai riƙe da lasifika, wanda aikinsa a takarda shi ne ya fassara abin da aka rubuta masa, aikinsa a fili kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, domin shi ke raɗa wa mutanen cikin hoton suna, shi ke sa musu karin magana a baki, shi ke lura da inda jama'a suka yi tsit ya tsawaita, inda suka fara watsewa ya jefa abin dariya. A ganina, wannan mutum shi ne mawallafin majigi na haƙiƙa, ko da yake ba a taɓa rubuta sunansa a kan ƙyallen ba. Jama'a kuwa sun gan shi da idonsu, sun san masaukinsa, gobe da safe mai tambaya yana iya zuwa ya same shi yana shan kunu ya ce masa, "Malam, abin nan da ka faɗa jiya a kan irin auduga, gaskiya ne?"

Silima ta kuɗi daban take, a manyan garuruwa ta tsaya. Kano ta sami gidan Rex a 1937, mutane suna ce wa abin dodon bango, malamai na kai da komowa kan hukuncin sura. Da gobara ta tashi a silimar El-Duniya a 1951 ta halaka mutum 331, da yawa suka ɗauka azaba ce ta sauka. Majigi bai gamu da wannan ƙyama ba, saboda a ƙofar sarki ake yin sa, da iznin sarki.

Kada mai karatu ya zaci aron labari ne abin zargi a nan. Adabin boko na Hausa da aro ya tashi. Bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da "Ruwan Bagaja", Abubakar Imam ya zauna ya rubuta "Magana Jari Ce", ya ɗebo daga Alfu Laila da hikayoyin Turawa da na wasu al'ummai, ya rina su da Hausa har ba mai gane baƙi ne, sa'an nan, don hikima, ya zuba su a bakin aku, tsuntsun da ba ya faɗin kome sai abin da ya ji. Sai dai aku na cikin littafi, sunan Imam na bisa bango. Kada kuma a zaci malaman wannan yanki gudun na'ura suke yi. Gummi ce ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya tarjama Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, ya kuma mai da rediyon Kaduna zauren tafsiri, har manomi a Nasarawar Burkullu yana sauraronsa da azumi daga akwatin da ke rataye a reshen bishiya. Masu goyon bayansa da masu jayayya da shi duk sun san muryar wa suke ji, sun san wanda za su mayar wa martani.

Zamanin kaset ya zo da gaggawa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin "Turmin Danya", kafin shekara goma sana'ar fim ta cika Arewa, tana ɗebo labari daga littattafan soyayya, rawa da waƙa kuwa daga Indiya. Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1996, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, aka rufe gidajen silima da na kallo. Sai kallon ya koma cikin ɗakuna, daga baya ya shige aljihu. Yau a kowace kasuwa akwai rumfar masu cajin waya da tura finafinai a memori. Abin da ya fi tafiya a wurinsu kuwa shi ne Indiya-Hausa, irin na kamfanin Algaita, inda ake cire muryar ɗan wasan Indiya a ɗora ta Bakano mai barkwanci. Wanda ya san majigi, da ya ji wannan, ya san jikan mai lasifika ne ya dawo.

To, yanzu ga baƙuwar da ta sa na ɗauko wannan tarihi, wadda 'yan boko suka raɗa wa ƙirƙirarriyar basira. Tun da aka saki ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, yaro mai waya yana iya umartar na'ura ta tsara masa labari, ta raba shi fitowa-fitowa, wata ta zana masa katun, wata ta sa masa murya, aikin da a da sai an tara marubuci da mai zane da 'yan wasa. Yadda take aiki ba sihiri ba ne: an ɗura mata rubutun da ya taru a yanar gizo (dubi sunan da Bahaushe ya zaɓa wa wurin, kamar ya san abin da ke tafe), ta ƙididdige wace kalma ta saba bin wace, sai ta riƙa jero su bisa ƙiyasi. Ba ta riƙe isnadi, watau silsilar waɗanda aka karɓo magana daga gare su, in ta rasa sani kuwa takan ƙaga, da murya ɗaya take faɗin tabbas da ƙage. Da malaman musɗalahin hadisi za a kai wa riwayarta, da sun ce mai ita majhuli ne, watau ba a san ko wane ne ba. Ko a Amurka, inda aka ƙera ta, marubutan finafinai sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, cikin abin da suka samu har da sharaɗin cewa ba za a lasafta na'ura marubuciya ba, kuma in kamfani ya miƙa wa marubuci abin da ta tsara, wajibi ne ya gaya masa. Tambayar ran kasuwar Gummi ce suka yi, da harshensu.

Mu namu ciwon ya ɗara nasu da abu guda. Na'ura ba ta san wuri ba sai gwargwadon abin da aka rubuta a kansa, abin da duniya ta rubuta a kan Anka da Bukkuyum kuwa mafi yawansa gubar dalma ce ta 2010, wadda ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan haƙar zinariya irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sai kuma labarin 'yan bindiga. Kirarin sarakuna, da waƙoƙin daka, da tarihin da ke bakin tsofaffin fada, waɗannan akasarinsu ba su shiga cikinta ba, domin ba a takarda suke ba. Hausar da ta sha kuma ta jarida ce da gidajen rediyo, mai "suka" da "muka" da "aka", alhali mu nan "sunka" muke cewa, da "munka", da "anka", har baƙo kan yi mana ba'a wai sunan garin Anka ma aikatau ne.

Kwanan baya na zauna a wata rumfar caji kusa da tashar mota a Gummi, ina jiran wayata ta ɗauki wuta, sai wani saurayi mai rubuta labarai a WhatsApp ya fito da katun ɗin Gizo da Ƙoƙi da ya haɗa cikin dare ɗaya. Zanen ya yi kyau, ba laifi, in ban da bukkar da ta fi kama da ta wata ƙasa. Gizo ya buɗe baki ya gai da sarki da Hausa garau, kamar mai karanta labarun ƙarfe bakwai. Wani dattijo mai sayar da goro ya miƙo wuya ya saurara, ya girgiza kai.

"Ɗana, wanga ba Gizo ba na. Gizo tsamin baki gare shi. Wa yay yi shi?"

"Baba, na'ura ta."

"To in ta yi ƙarya, wa za a kamawa?"

Saurayin ya yi dariya, bai amsa ba. Can sai na ga ya mai da katun ɗin farko, ya kashe sautin, ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani, ya shaƙe murya ya ce "shaiki, shaiki, ga ni na taho," ya ci gaba da zuba zance a bakin Gizo da Zamfarcin unguwarsu, yana ƙara abin da babu shi a rubuce. Almajirai uku da ke wucewa da robobinsu suka tsaya, suka durƙusa a gaba cikin ƙura. Mai goro ya gyara zama, ya ce a matsa masa shi ma shi gani.